Koren Murhun Lodzia

Hipolit Szarata maginin murhu ne, irin dogon murhun nan na tayil da ke tsaye a kusurwar ɗaki yana riƙe ɗumi har wayewar gari. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Ba ya yawan magana, kuma ba ya son mai yi.

Shekarar da manyan motocin kamfani suka shigo ƙauyenmu, aka ce akwai iskar gas maƙare cikin dutsen da ke ƙarƙashin gonakin dankalinmu. A talabijin manyan Warsaw suka ce mun gama roƙon Rasha gas. Na Brussels suna ta cacar baki kan doka. Wasunmu suka tare hanya da tarakta don tsoron kada rijiyoyinsu su gurɓace, wasu kuma suka kama rushe murhunsu, wai bututun gas na tafe.

Lodzia, yayar Hipolit, ce ta fara. Koren murhun da babansu ya gina da hannunsa ta sa aka farfasa, aka watsar da tayil ɗin a bayan shinge.

"Yaya, kin ga gas ɗin da idonki?" in ji Hipolit.

"Kai dai tsoron rasa aiki kake, sarkin toka. Na gaji da saran itace."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da yamma ya turo baro ya kwashe tayil ɗin. Haka ya bi sauran gidajen, na kowa da tarinsa daban a rumfar bayan gidansa, har saniyarsa ta rasa wurin kwana. Lodzia ta ji haushi, wai yana mata fatan tsiya. Ta daina gaishe shi ko a ƙofar coci.

Kamfani ya haƙa, ya haƙa, sannan ya naɗe kayansa ya tafi. Bututu bai zo ba. Masu rushe-rushe suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sosa ƙeya, yana mayar musu da murhunsu, bai goranta wa kowa ba. Ban da Lodzia. Ita ta gwammace ta zauna gaban ɗan hitan tukunyar gas da ba ya ɗumama komai sai ƙauri. Da ƙanƙara ta sauka, tari ya kama ta, irin mai kwantar da tsofaffi ba su tashi ba.

Hipolit bai jira kira ba. Ya turo baro da tayil da yumɓu, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Wa ya gayyace ka?"

"Matsar da kujerarki, Yaya."

"Ka zo yi mini dariya ne."

"Da dariya na zo yi, da ban ɗauko yumɓu ba."

Ta zauna cikin bargo tana ba shi umarni, wai ya karkace, wai Baba ba haka yake yi ba. Ta hango tayil guda mai ɓallin baki, wanda ita ta ɓalla da dutsen guga tun tana budurwa. Ya mayar da shi daidai inda yake a da. Daga nan ta daina ba shi umarni.

Da ya gama ya cinna 'yan ƙirare kaɗan. Ta miƙa hannu za ta ƙara gungume, ya buge hannun.

"Sabon murhu ba a ɗura masa wuta, tsagewa zai yi. Sai ya bushe a hankali."

"To a ina zan kwana, mai wayo?"

"Ɗakina da ɗumi."

Ta harare shi, ta yi tari, ta ɗaura kallabinta.

"Miyar kabejinka ba gishiri," in ji ta. "Ɗauko mini tukunyata."

Ya ɗora tukunyar a baro, ita kuma ta riƙe hannunsa saboda santsi.