Ƙwallon Tsakiya

Duk wanda ya daɗe a Halifax ta yankin Yorkshire ya san tafiyar Craig Holroyd. In yana gangarowa daga tudu zuwa filin tanis da safe, jakar raket a kafaɗa, sai ya raɓe jikin bango ta hagu, ya bar damansa fili, daidai wurin da mutum guda zai jera da shi. Ko titi ya cika haka yake yi. Yaran da yake koya wa wasa sun ɗauka gwiwarsa ce ke jan sa gefe, don sun ji an taɓa yi mata aiki. Gwiwa ba ruwanta, wurin Gethin Probert ne yake bari.

Craig ɗan direban bas ne, kuma a filin gwamnati na bayan makaranta ya koyi wasa, inda ragar ta fi shi tsufa. Hannu kam Allah ya ba shi, ƙafa ce babu. Ya yi ta fama da wasan ɗaiɗai har ya haura shekara ashirin, ana koro shi gida tun zagayen farko, kafin wani tsohon koci ya gaya masa gaskiya: rabin fili ne rabonsa, ya je ya nemi mai tsare masa ɗaya rabin. Haka ya koma wasan 'yan bibbiyu.

Kada abin da kuke gani a talabijin ya ruɗe ku. A ƙasar nan ɗan wasan bibbiyu ragowar tukunya yake ci. Ladan gasar kaɗan ne, kaɗan ɗin ma a raba shi biyu, sannan a sa ku wasa lokacin da 'yan kallo suka tashi shan shayi. Jarida ba ta tuna ku sai ranar da ta rasa labari. Abin haushi, waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban raga ƙwallo na nufo fuskarsu ba, su ne masu cewa wasan malalata ne.

A wata ƙaramar gasa a Sheffield aka haɗa shi da Gethin, ɗan Wales, bahago, mai jan gashi da surutu kamar rediyo. Gethin ya tsaya a dama, Craig a hagu, sai hannun ƙarfin kowannensu ya fuskanci tsakiya. Ƙwallon farko da ta biyo ta tsakaninsu, duka suka kai mata. Raket ɗin Gethin ya samu girar Craig ya tsaga ta, tabon na nan har yau.

A mota, kan hanyar zuwa asibiti a yi ɗinki, Craig na dafe da tawul, Gethin na tuƙi ya ce, "Ka ga, ɗan Yorkshire, mu raba gado tun muna da rai. Gefenka naka, gefena nawa, tsakiya kuma tawa ce."

"Don me za ta zama taka?"

"Don ni ban zub da jini ba. Kai in ka je, asibiti za mu ƙare kullum, kuma man mota ya yi tsada."

Shi ke nan magana ta zauna. Sauran 'yan wasa kan yi kira, wannan ya ce tawa, wancan ya ce bar ta. Su ba sa kira. Gethin na da wani ɗan huci da yake yi ta hanci in zai zabura, gajere, kamar mai korar ƙuda. Craig na jin hucin nan a damansa sai ya janye raket, ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa, Gethin ya gama da ita. Tun yana janyewa da tunani, har hannun ya koyi abinsa ya daina tambayar kai.

Shekara goma sha ɗaya suka yi tare. Tsohuwar mota ɗaya, ɗakin otal ɗaya mai gado biyu, Gethin na minshari, Craig na ɗaure wa raket ɗinsu igiya da kansa don kada su biya wani. Sau biyu suka taka ciyawar babbar gasar Wimbledon, a can filayen baya, sau biyun kuma ba su kwana a gasar ba. Sun yi faɗa ba adadi, har sun taɓa yin mako guda a Jamus ba mai yi wa wani magana sai a fili. Carys, matar Gethin, takan ce ita ta samu sunan, Craig ya samu mijin.

A wannan sana'a matsayi shi ne abinci. Kowace nasara maki ce, kowace Litinin a fitar da sabon jeri, kuma da matsayinka ake ba ka ƙofar shiga gasa. Sai dai makin ba ya zama. Shekara guda yake yi, ranar da ya zagayo ya zube, ko ka sake cin wani ko ka gangara. Mutum bai taɓa mallakar abin da ya ci, aronsa aka ba shi.

Shekararsu ta ƙarshe ita ce mafi kyau. A watan Yuni suka cinye wata gasar ciyawa nan kusa da gida, babbar nasarar da suka taɓa yi, Gethin ya ɗaga kofin yana waƙa da yarensu ba mai gane abin da yake cewa. Ba a yi mako biyu ba ya fita gudun safe a ƙauyensu, zuciyarsa ta tsaya a bakin wata gada. Mai kai madara ne ya same shi.

Craig ya ɗauki akwatin gawa, ya sha shayi a gidan makoki, bai yi kuka ba, har wasu suka ce mutanen Yorkshire duwatsu ne. Ba su san komai ba. Sabo ake yi wa kuka, shi kuwa sabon bai tafi ba tukuna. Ko mantuwa ce ko tausayi, masu tsara jeri ba su cire sunan Gethin ba. Kowace Litinin yana nan, yana gangarowa a hankali yayin da makinsa ke zubewa, kamar mai saukowa daga bene ba ya so. Craig kan duba sunan Gethin kafin ya duba nasa.

Da kaka ta shigo ya koma fili, don ba shi da wata sana'a. Ya haɗu da Fergus Mair, ɗan Scotland, dogo, mai bugu kamar da gatari, wanda Craig ya girme wa da shekara goma. Fergus da hannun dama yake wasa, kuma a dama ya tsaya, don haka bayan hannunsa ne ke kallon tsakiya. Ko ɗan koyo ya san ƙwallon tsakiya yanzu ta Craig ce.

A wasansu na farko ƙwallo ta biyo tsakiya, mai sauƙi, daidai hannun Craig. Yana ɗaga raket sai ya ji hucin a damansa, kusa da kunne, gajeren nan ta hanci. Hannu ya janye. Ƙwallo ta wuce tsakaninsu ta faɗi cikin fili, ba wanda ya taɓa ta.

Fergus ya juyo ya ce, "Tsoho, wa ka bar wa?"

"Rana ce ta shiga idona."

A cikin rufaffen zaure suke wasan. Fergus ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Haka aka yi ta yi duk hunturu. Ba kullum ba, amma ko yaushe wasa ya yi zafi hucin zai zo, hannu kuma zai janye. Labari ba ya ɓuya a ɗakin canza kaya. Abokan hamayya suka gano ramin, kowa ya riƙa aika ƙwallo tsakiya, wasu ma suna dariya. Craig ya ji tsoro, ya yi tunanin ko kansa ne ya taɓu. Amma gaskiyar da bai iya faɗa ba ita ce yana son jin hucin. Yakan shiga fili yana jiransa. Carys kaɗai ya gaya wa, ranar da ya kai mata raket ɗin mijinta. Ba ta ce ya ga likita ba. Ta daɗe tana murza kofin shayi a hannu, sannan ta ce, "Ni ko sau ɗaya bai zo mini ba."

Yuni ya zagayo, gasar ciyawar ta dawo. Makin da suka ci da Gethin a nan shi ne ragowar abin da ke riƙe da Craig a jeri, Litinin mai zuwa kuma zai zube. In bai yi nisa a gasar ba, zai faɗa inda ba gasar kirki da za ta karɓe shi, yana da shekara talatin da biyar da gwiwa ɗaya. Sun lallaɓa sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Da safen wasan, suna ɗaure takalma, Fergus ya yi maganar da ya daɗe yana haɗiyewa.

"Tsoho, ina girmama ka, ka sani. Amma ni ba zan iya wasa mu uku ba. Akwai wani ɗan Holland da ke nemana tun bazara. In ka sake bar wa mutuminka ƙwallo yau, sai dai ku ƙarasa tare."

Craig ya ce, "Bakinka ya fi bugunka kaifi, yaro."

"Na ji. Ka dai buga ta."

Yayyafi ya ɗauke kafin azahar. 'Yan kallo ba su cika benci uku ba, Carys na cikinsu da rigar ruwa. Kowane ɓangare ya ci zubi ɗaya na wasan, aka shiga bugun raba gardama, har ya rage wa su Craig maki guda su yi nasara. Abokan hamayya ne da bugun farko. Craig ya mayar da ƙwallon ƙasa-ƙasa, ya ruga gaban raga ya jera da Fergus. Ya san inda za ta biyo, kowa a wurin ya sani.

Ta biyo tsakiya. Hucin ya zo, bai taɓa jin sa a sarari haka ba, har da ɗumin numfashi a kunnensa da ƙarar takalmi a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Hannu ya fara janyewa. Craig ya cije baki ya tura shi gaba, ya ji kamar ya bangaje mutum da kafaɗa. Raket ya samu ƙwallo, ta tsaga tsakanin mutanen can biyu ta wuce.

Fergus ya rungume shi ya ɗaga sama yana ihu. Craig kuwa damansa yake dubawa. Ciyawa ce kawai, da farin layi, da sawun takalmin Fergus.

A bakin ƙofar fita Carys ta tare shi. Ba ta ce masa barka ba.

"Ya zo?"

"Ya zo."

"To?"

"Na karɓe masa ƙwallo, Carys."

Ta gyara masa wuyan riga, ta ce ya je ya yi wanka kada sanyi ya kama shi.

An doke su a wasan ƙarshe, amma makin ya wadatar. Ranar Litinin sunan Craig na nan a jeri, na Gethin babu. Ya ƙara shekara uku tare da Fergus, kuma a nan ne abin ya fi ciwo: da yaron nan ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa da Gethin ba. Ya biya kuɗin gidan da yake ciki, jarida ma ta buga hotonsa sau ɗaya. Mutane suka riƙa ce masa ashe da can an danne shi ne, yanzu ya samu abokin da ya dace. Yakan yi murmushi, don ba ya son faɗa. Hucin bai sake zuwa ba, ko sau ɗaya, duk da ya saurara a kowane fili da ya taka.

Yanzu gira ta fara furfura, tabon ya ƙara fitowa. Yana koyar da yara da yamma, tsofaffi da safe, kuma abin da yake fara tambayar kowane mutum biyu kafin su taɓa ƙwallo shi ne, tsakiya ta wace ce? Sai sun ba shi suna yake barinsu su fara. Ran Asabar, in 'yan wasa ba su cika ba, yakan shiga ya cike gurbi, kullum a hagu. 'Yan kulob sun san shi da abu ɗaya, suna ma yi masa tsiya a kai: tsohon gwani guda, amma ƙwallon farko da ta biyo tsakiya sai ya bar ta ta wuce. Ba hannun ne ke janyewa ba yanzu, shi ne yake janye shi. Yakan tsaya ya ɗan karkata kai dama, har ƙwallon ta gama birgima ta tsaya a jikin wayar shingen fili.

Sannan ya ce, "Laifina ne," ya je ya ɗauko ta.