Zaren Damben Kawu

Ranar kasuwar Sabon Birni na ji ana kaɗa kalangu, sai na tsaya cik. Marigayi kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Ɗan dambe ne, kuma mai musu ya zo ya same ni: daga Kamarawa har Gangara babu wanda ya tsaya gabanshi bai sha ƙasa ba. Kowa na cewa in kaka ta yi, za a kai shi Sakkwato ya gamu da manya. To, dambe sai an girbe gero, ciki ya cika. Shekarar nan ruwa ya ɗauke, ta gaba ma haka.

Wata rana da hantsi muna bakin rijiya, ruwa ya yi ƙasa, guga ya kasa kaiwa, ƙanena na kukan ƙishirwa. Kawu ya shiga gida ya fito da zaren da yake naɗe hannunshi da shi in zai shiga fage. Har yau ina jin warinshi, zufa da tsohon jini.

Na ce, "Kawu, da me za ka yi damben?"

Ya ce, "Ke, riƙe nan ki bar surutu. In ruwa ya sauka za ni samo wani."

Ya ninka zaren, ya ƙulla da igiyar guga, munka sha.

Ruwa ya sauka daga baya, amma yunwa ta riga ta cinye damtsen. Yara sunka taso sunka yi suna. Shi ko in ana dambe sai ya tsaya can bayan mutane, hannunshi na dama na ta rawa shi kaɗai. Haka nike ganinshi cikin mafarki.

Allah Ya jiƙan shi, Ya kwantar da hannun nan.