Wuƙar da na sayo wa Baba

Shekarun baya, lokacin mahaifina yana da rai, na yi wani abin kunya a kan wuƙar aljihu. Yanzu da abin ya daɗe da wucewa zan iya ba ku labarinsa, ko da yake har yau in na tuna sai na sosa ƙeya.

Mahaifina malami ne a nan Garwa, yana rubuta Alƙur'ani da hannu. A shekarar ya fara wani sabo, yana cewa shi ne na ƙarshe, don ido ya fara ja da baya. Alƙalaminsa na karan gamba ne, da kansa yake fiƙewa da wata tsohuwar wuƙa mai naɗewa, wadda wasawa ta cinye har ta koma kamar tsinke. Rannan ta karye.

Mu biyu ne maza a gidan. Ni ne babba, ina aiki a Figil, sai ƙarshen wata nake leƙo gida. Ƙanina yana ɗinkin jaka da takalmi a kasuwa, kullum yana gindin Baba. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana cina. In na kira waya, kafin magana uku Baba ya sako shi: shi ya kai shi wurin likitan ido, shi ya dafa tawada, shi ya samo takarda mai kyau. Ni ke aiko da buhun shinkafa, amma buhu ba ya zama a kan tabarma ya taya mutum hira.

Da na ji wuƙa ta karye, na ce to, wannan karon sai an ambaci sunana. Na shiga wani butik da ke kawo kayan waje na zaɓi wadda ta fi tsada, mai ƙotar katako, tana ƙyalli. Mai shagon ya rantse mini cewa da kaifinta ta fito daga kamfani. Ya nuna mini 'yar takarda mai hatimi a jikin kwalin, wai shaidar an duba ta kafin a rufe, ya kuma ɗauki ta gwaji ya aske gashin hannunsa a gabana. Ya ce a buɗe tawa a gwada, na ƙi. Ai ba a kai wa babban mutum kyautar da aka riga aka ɓare. Na karɓe ta a cikin ledarta ina jin kaina.

Na iso gida na tarar ƙanina ya riga ni kawo wuƙa. Wata koriya ce mai ƙotar roba, irin waɗanda ake zubewa a faranti a bakin kasuwa. Ya ba ni labarin yadda ya zauna ya sa mai kayan ya zazzage masa kwali guda na wuƙaƙe, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa a farcensa. Wata bakinta a karkace, wata tana girgiɗi, wata ko albasa ba za ta yanka ba. Ya tsinci guda, ya yi kwana biyu yana wasa ta a dutse yana gogawa a fata. Na yi dariya na ce wahalar ta fi kuɗin wuƙar.

Baba ya buɗe tawa, ya juya ta, ya yaba, ya sa mini albarka. Ya shafa bakinta da yatsa, ya ɗan ja ta a kan kara sau ɗaya, sai ya naɗe ya mayar cikin kwali ya ɗora a kan littattafai. Ya ɗauki koriyar ya ci gaba da aikinsa. Kwana uku ina zaune a zauren ina kallon wannan koriyar, kishi kamar ya kashe ni.

A rana ta huɗu, da ya tashi alwalar azahar, na ɗauke ta na cusa a jakata. Mutum da gemunsa da 'ya'yansa! Ya dawo ya lalube tabarma, ya ɗaga buzu, sai ya miƙa hannu ya ɗauko tawa. Zuciyata ta yi fari. Ya fiƙe alƙalami, ashe tsagar bakinsa ta tafi a karkace, idonsa bai gani ba. Yana gab da ƙarasa shafi alƙalamin ya saki tawada, ta malale a kan layi uku. Takardar nan gaba da baya aikin kwana biyu ce, kuma ba ta gyaruwa sai a sake.

Aka kira ƙanina daga kasuwa. Ya fita da wuƙar cikin rana, ya kira ni ya nuna mini. Gefe ɗaya an wasa shi da faɗi, ɗayan ɗan siriri. Kusa da ƙota tana aske gashi, amma can wajen tsini, inda Baba yake yanka, bakin ya ɗan lanƙwashe.

"Yaya, ƙarfen mai kyau ne, ya fi nawa nesa ba kusa ba," in ji shi. "Injin ne bai ƙarasa aikinsa ba, mai hatimin kuma bai gwada ta a kan kara ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka koma zaure, Baba yana naɗe takardar da ta ɓaci, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Babba, in ka gama da koriyar, ka mayar wa ɗan'uwanka. Tasa ce."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fito da ita daga jaka a gabansu, na miƙa wa ƙanina.

Ƙanina ya tafi da tawa ya wasa ta, kuma da ita Baba ya ƙarasa Alƙur'anin. Sai dai duk baƙon da ya yaba wuƙar, amsarsa ɗaya ce: babban ya sayo, ƙaramin ya mai da ita wuƙa. Ana dariya, ni ma ina yi, amma ta ciki daban.

Tun daga lokacin ba na yarda da hatimi a jikin kwali, ko almakashi na saya sai na buɗe na gwada. Wuƙar tana hannuna yanzu, ƙanina ne ya ce in riƙe bayan rasuwar Baba. In ta dakushe shi nake kai wa, kuma bai taɓa tuna mini da maganar jaka ba. Amma kada ku ɗauka kishin ya tafi. Ba iya wasa wuƙa nake masa hassada ba, wannan kowa zai iya koya. Shi ya san da wane ɓangaren wuƙa Baba yake yanka, da yadda yake karkata kara a tafinsa. Ni kuwa na samu kwana uku cur a gefen mahaifina, na ƙarar da su ina duba wuƙar wa ya riƙe, ban taɓa kallon hannunsa ba.