Yunwar Gwandu, Ni da Surukina

Matata ce ta ƙulla min wannan tafiya. Mahaifinta, wani dattijon Bafulatani da ke zaune a Wurogauri, ya daɗe yana son kai ziyara Gwandu, ya ga hubbaren magabata da tsofaffin gidajen da malamai suka zauna. Ni kuma a lokacin na sayi wata tsohuwar mota da nake ji da ita. Ta ce in kai shi, na amsa da rawar jiki, don na san tun ranar aurenmu yake min kallon ɗan birni, irin waɗanda aikin ofis a Birnin Kebbi ya wanke wa kunya daga ido. Na ƙudurta ranar zai gane ni ma an yi min tarbiyya.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne ciki. A wajenmu suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ne sai an kau da kai. Matata, Allah ya shirye ta, ta cika kula da masa da miyar taushe ta ajiye a bayan mota, ta manta ta haɗa mutum biyun da ba mai iya buɗe ta. Tun daga Kalgo ƙamshin yake bin mu.

Na ce, "Baba, akwai masa nan baya in za a taɓa."

Ya dubi gonakin gero ta taga ya ce, "Alhamdu lillahi, ni na ƙoshi."

Na ce ni ma haka. Ƙarya muka yi dukanmu, kuma kowa ya sani.

A Gwandu muka yi addu'a a hubbare, sannan wani tsoho mai kula da ɗaya daga cikin gidajen ya karɓe mu. Bawan Allahn nan bai san gajiya ba. Soro bayan soro, katanga mai kaurin da jaki zai iya kwanciya a kai, azara ta yi baƙi ƙirin, alluna a jingine, buzun da gashinsa ya ƙare saboda zama. Baba yana shafa bango, idonsa ya ciko. Ni ma abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Sai tsohon ya ja mu madafa, ya tsaya kan wata ƙatuwar tukunya.

Ya ce, "Wagga, tuwon baƙi aka yi ciki. Tuwon dawa, miyar kuka da daddawa, a zuba man shanu hal shi kwanta bisa."

Nan cikina ya yi wani kuka mai tsawo, soron kuma ya amsa masa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce, "Ba komi, jemagu na, sun yi muna yawa." Baba ya gyaɗa kai, ya ce lallai jemagu ba su da daɗi. Ban taɓa jin haushin mutane masu kirki kamar ranar ba.

Bayan azahar na ce zan duba ruwan mota. Baba ya ce shi ma zai gaida wani sananne. Na ɗauko kular kamar ɓarawo, na cusa masa guda a baki tun a hanya, na zagaya bayan tsohuwar katangar inda na tabbata ba kowa.

Baba na tarar a tsugune, da ƙwaryar furar da ya saya, ludayi a baki, nono a gemu.

Muka ƙame. Masa ta tsaya min a kumatu, ba ta gaba ba ta baya. Na ce a raina shi ke nan, wahalar yini guda ta tafi a banza, ɗan birni ya tabbata ɗan birni, har ya ga surukinsa yana haɗiya.

Sai ya juya a hankali ya fuskanci katangar, ya ba ni baya. Ya turo ƙwaryar ta gefensa ba tare da ya waiwayo ba, ya yi magana da bangon.

"Wanga bango ya ga abubuwa da yawa, bai taɓa hwaɗi ma kowa ba. In akwai masar ɗiyata, a miƙo."

Na zauna, ni ma na ba shi baya, na miƙa kular ta ƙarƙashin hannu. Haka muka ci, baya da baya, ina jin kafaɗarsa tana girgiza da dariyar da ba zai taɓa yi a gabana ba.