Ruwan Da Aka Ƙara Wa Tukunyar Baba

A shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, ina Gyadi-Gyadi, ina rini a tsakar gida cikin wata ƙatuwar tukunya. Gari ya cika da raɗe-raɗi, za su sauka, ba za su sauka ba. Ni kuwa fargabata tana cikin tukunya.

Maƙwabciyata, malamar makaranta 'yar kudancin Kaduna, ta kawo mini zannuwan matan cocinsu na Tarauni. Za su yi waƙar godiya ran Lahadin bayan rantsar da sabon shugaba, suna son shiga iri ɗaya. Sun so kaiwa marina, ita ta hana, ta ce hannuna ya fi. Da bakinta ta tsaya mini.

Shi baban rini, launinsa tafiya yake ya dawo. In ya nuna a ruwan toka, kore yake komawa. A tsamo zane, iska ta buge shi, ya zama shuɗi. In iska ta yi wa tukunya yawa, ita ma sai ta koma shuɗiya, ta daina kama zane, sai ta sake juyowa don kanta.

Na rina rabi, suka yi duhu har da ƙyalli. Na tafi gaisuwa Hotoro. Matar ɗana ta leƙa, ta ga ruwa ya ja baya, ga sauran zannuwa jibge. Sai ta yi abin da muke yi wa kunu in baƙi sun ƙaru, ta ɗebo ruwan rijiya ta cika tukunya.

"Inna, na taya ki," ta ce da na dawo.

Na tsoma hannu. Ruwa sanyi ƙalau, kumfa ta kwanta, warin nan babu.

Ba mutuwa tukunyar ta yi ba, nawa ta koma yi, sai a hankali. Baba da toka suna ciki, amma ruwa ya raba tsakaninsu, sai sun daɗe kafin su gamu. Na ƙara toka, na rufe, na bar wa rana. Kowace safiya in buɗe, kore ya ɗan leƙo kaɗan. Soja suka sauka, tukunyata ba ta juyo ba.

Ran Asabar dole na tsoma. Na tsoma, na shanya, na sake tsomawa, suka tsaya a shuɗin sararin sama.

Malama ta zo ta daɗe tsaye a gaban igiya.

"Inna, kala biyu nake gani, ko tabarauna ne?"

"Ba tabarau ba ne, Malama. Na ba ki kunya."

Ta shafa wannan, ta shafa wancan. Can ta fara ninkewa, kashi biyu.

"Masu kaurin murya suna tsayawa baya, su ɗau mai duhu. Masu zaƙin murya gaba, su ɗau mai haske. Sai dai in shugabarmu ta tambaya, tare za mu je ki yi bayani."

Na ɗauko mayafina.