Iliya Ba Ya Ƙona Inji

Kun san Baba Iliya ba ya tayar da inji sai ya zagaya motar ya shuri kowace taya. To, bayan ciwo ya shanye masa hannun hagu ya ajiye tuƙi, 'yarsa Rifkatu ta kawo masa kwamfuta da wasan jirgin saman yaƙi irin na da, mai farfela a hanci. Wallahi sai da ya zagaya teburin ya shuri ƙafafunsa!

Ni Buba, ni ne yaron motarsa tun muna ɗaukar doya daga Mutum Biyu. Mun faɗa rafi tare, mun fito tare. Ko da gemuna ya yi fari bai daina ce min yaro ba. Ya aiko unguwarmu, Kachalla Sembe, aka kira ni.

"Hannuna ɗaya ne," in ji shi. "Ni da sandar tuƙi, kai da waɗannan."

Liba biyu ya nuna min. Baƙa ita ce totur. Shuɗiya ta farfela ce.

Ranar farko ya gayyato tsofaffin direbobin tasha. Ya tashi jirgi, ya yi sama, ya kifa hancinsa ƙasa don burga. Inji ya yi ihu, ya yi tari, hayaƙi ya rufe gilashi. Shi ke nan.

Alhaji Hamman, abokin gardamarsa na tasha, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Yau Iliya ya ƙona inji!"

Kai! Mutumin da duk Jalingo ta san bai taɓa kai inji wurin makanike a mace ba. Suna ya bi shi: Mai Hayaƙi. Ya daina zuwa tasha. Ya daina cin abincin kirki.

Ya zauna ya yi ta sauraron injin har ya gane. Ya ce, "Buba, shuɗiyar nan kamar giyar mota ce. Fukafukan farfela take murɗawa. Ka tura gaba, su riƙa gutsurar iska kaɗan kaɗan, inji ya yi ta juyi da sauri. Lamba ɗaya ke nan, ta tashi da hawan tudu. Ka ja baya, su ciji iska da yawa, inji ya lafa, tafiya ta miƙe. Ni kuwa na gangara dutse a lamba ɗaya, ƙafa a kan totur. Jaki ma ba zai yi haka ba."

Daga nan doka ta kafu. In za a ƙara wuta, shuɗiya kafin baƙa. In za a rage, baƙa kafin shuɗiya. Na taɓa juya su, ya buge min hannu da cokali.

Rifkatu ta ce, "Baba, ai akwai jirgin da ke yin wannan da kansa."

"Ki kai wa mijinki."

Ga rowa! Da an hau sama sai ya ce in ja shuɗiya baya, kada mai ya ƙare.

Na ce, "Oga, man nan fa na ƙarya ne."

"Halin da za ka koya na gaske ne. Ja!"

Harbi kuwa bai taɓa yi ba. Wasan yaƙi ne fa, jama'a! Abokin gaba zai biyo mu yana ɓarin wuta, Baba ya matsa gefe.

"Oga, kashe mu zai yi!"

"Gaggawa yake yi. Ba shi hannu ya wuce. Ni direba ne, ba soja ba."

Da ya shirya, ya sake aika wa 'yan tasha. Suka cika ɗakin. Hamman ya zo da bokitin ruwa, wai na kashe gobara.

Muka tashi lafiya. Muka miƙe lafiya. Ya kifa hanci kamar ranar farko. "Baƙa baya! Shuɗiya baya!" Inji ya gangara yana gurnani a hankali, ko tari bai yi ba.

Sai ga wani ɗan banza daga bayanmu. Ya zuba mana harsashi, baƙin mai ya wanke gilashi, allurar zafi ta fara hawa.

Hamman ya ɗaga bokiti. "Mai Hayaƙi, in zuba?"

Baba ko kallonsa bai yi ba. Gumi na zuba a wuyansa. "Buba, rufe wuta. Ja shuɗiya har ƙarshe, kada farfela ta riƙe mu. Tsayar da injin kafin ya ƙone."

Na tsayar. Jirgi ya yi shiru, yana zamewa a iska. Da hannu ɗaya Baba ya lallaɓa shi, ya tsallake bishiyoyi, ya ajiye shi a wata gona kamar mai ajiye ƙwai. Babu hayaƙi.

Rifkatu ta karanta rubutun da ya fito, ta ce wai mun faɗi wasan.

Baba ya ce, "Injin ya ƙone?"

"A'a."

"Kowa ya sauka. An iso."

Hamman ya ajiye bokiti, ya cire hula da kansa. "Direba," kawai ya ce. Washegari Baba ya je tasha da sabuwar riga, ya ci tuwo kwano biyu.

Ni ba mai kuka ba ne. Na binne mutane da yawa. Amma da Baba ya rasu, ran da aka fito da gawarsa daga coci, na tsaya cikin direbobi Musulmi da Kirista, na ji hannuna na neman liba.

Ka tuƙa mu ba ka zubar ba, Oga. Allah ya sauke ka a hankali, yadda ka sauke wancan jirgi.