Ƙararrawar Dordi

Dordi ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka lallashi dutse. A gonar mijinta Hindrik ta yi rayuwarta, can arewacin Swidin, tana gasa gurasar sha'ir, in shekara ta yi tsanani ta cuɗa garin da ɓawon itace. Sai sarki ya ɗaura yaƙin addini a Jamus, wai zai ceci Furotesta daga hannun Katolika, aka shiga cire namiji ɗaya a cikin kowane goma. Da Hindrik aka fara. Aka dawo aka ɗauki ɗanta Halbar, sannan Sune, autan da ko gemu bai fito masa ba. Wani soja da ya komo da ƙafa ɗaya shi ya gaya mata zazzaɓin sansani ya cinye su duka.

A ƙauyen kowa ya san ran mamaci ba ya samun hanya sai an buga masa ƙararrawar coci. Dordi ta je ta roƙi Fasto Olaus, ya ce babu gawa, babu kabari, to wa za a buga wa? Ta koma gida ta kama garma da kanta, abin yana cin ta a rai dare da rana.

Ana nan sai labari ya zo sarki ya faɗi a fagen fama. Aka ba da umarni a riƙa buga masa ƙararrawa kullum da tsakar rana, gida-gida, bi da bi. Bugun sarki dogo ne ba tsayawa. Na talaka kuwa ɗai-ɗai ne, a buga a saurara. Mikel mai kula da ƙararrawa ya ce gidan da ba namiji shi zai karɓa musu. Dordi ta tambaye shi ko shi ya nome mata gonar bana. Dole ya bar mata layinta.

Ranar gidanta ta naɗe igiya a hannu, ta buga ɗai-ɗai, tana kiran Hindrik da ƙarfi. Ta saurara, ta kira Halbar. Ba ta kai ga Sune ba sai ga fasto yana haki.

"Dordi, wannan ba bugun sarki ba ne. Turu za ki shiga ran Lahadi, a ƙofar coci."

"Fasto, ai kai ka ce sai da gawa. Na duba maƙabarta kaf, ban ga ta sarki ba." Ta gyara riƙon igiya. "Shi ƙasa duka tana buga masa. Su kuwa ni kaɗai gare su. Matsa, saura autana."

Ta buga wa Sune har ƙarshe, tana hawaye.

Ran Lahadi aka sa ƙafafunta a turu, katakon da ake maƙale masu laifi, cikin ƙanƙara, masu shiga coci suna sunkuyar da kai. Ita ko a jikinta, don rabon da ta ji zuciyarta sakayau haka tun kafin yaƙin. Da rana ta take, layi ya zo kan maƙwabciyarta Rangela, matar da ko kaza ba ta iya tsawata wa. Dordi ta kasa kunne. Ƙararrawa ta buga sau ɗaya, ta saurara, sai aka ji muryar Rangela tana kiran sunan ɗanta.

Fasto ya fito a fusace, ya tarar da matan ƙauyen sun yi layi a gindin hasumiyar ƙararrawa, kowace tana jiran igiya. Turun cocin kuwa na mutum biyu ne kacal.